Babi na Biyar: Ɗan Adar a Kan Baitulmali

Akwai tambayar da ba ta tsufa a Adar. Ana yin ta a fadar samari wajen shan shayi, ana yin ta a tashar motocin da ke kwasar 'yan biɗa zuwa Abijan: ɗanmu ya mulki ƙasar nan shekara goma, wani ɗanmu ya riƙe baitulmalinta har ya kai firaminista, to ina masana'antun da aka ce suna tafe? Me ya sa har gobe saurayi da ya gama girbi sai ya ɗaure jaka?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma mai yin ta ya cancanci amsar da ta wuce "sun ci kuɗin" ko "ai an yi ƙoƙari". Kafin a amsa ta, sai an san mene ne aikin ministan kuɗi, ina ƙarfinsa ya kai, ina kuma ya tsaya. Hanya mafi sauƙi ita ce mu bi sawun mutum ɗaya daga arewacin Adar, wanda ya zauna a bayan teburin banki, ya kuma zauna a kujerar gwamnati.

Daga Amalul zuwa Yamai

An haifi Uhumudu Mahamadu a 1954 a Amalul Nomad, arewa da birnin Tawa, can inda gonar gero ke fara janyewa tana bar wa makiyaya fili. Tattalin arziki da lissafin kuɗi ya karanta. Sunansa ya fara fitowa fili bayan taron ƙasa na 1991, lokacin da Amadu Shefu ya kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ya ba shi ma'aikatar ma'adinai da makamashi da masana'antu da sana'o'in hannu. Ya riƙe ta har 1993.

Wanda bai ga waɗancan shekarun ba zai yi wuya ya gane irin ramin da ƙasar ta faɗa. Farashin yuraniyom, wanda ya gina manyan benayen Yamai da hanyar Tawa zuwa Arlit, ya karye tun farkon shekarun 1980. Babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe a 1990 saboda basussukan da aka ci ba a biya ba. Ma'aikata sukan yi watanni suna jiran albashi. A watan Janairun 1994 kuma aka rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a lokacin ya ga da idonsa yadda ƙasa ke zama idan ba mai yarda ya ba ta rance.

Daga 1993 zuwa 1998 ya yi mataimakin babban sakataren ƙungiyar CEDEAO a Najeriya. Daga nan ya wakilci ƙungiyar agaji ta Lutheran World Relief a Afirka ta Yamma, sannan ya shugabanci bankin BIA-Niger. Daga can Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, ya ɗauko shi ya naɗa shi ministan kuɗi ranar 21 ga Afrilun 2011. Bayan shekara ɗaya ya koma banki. A 2015 ya zama daraktan fadar shugaban ƙasa, a Afrilun 2021 kuma Bazum Mohamed ya naɗa shi firaminista, ya zauna har juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Me ya sa ake ɗauko mutumin banki?

Je ka banki neman rance, tambaya uku za a yi maka: me za ka yi da kuɗin, daga ina za ka biya, me ka ajiye jingina. Mutumin da ya shekara yana yi wa jama'a waɗannan tambayoyi, ranar da ya zama minista ya koma ɗaya gefen teburin ke nan. Yanzu shi ne mai neman rancen, a madadin ƙasa baki ɗaya, kuma ya san abin da za a tambaye shi tun kafin a buɗe baki. Ya san wace takarda ake so, ya san wane lissafi ne ke kwantar wa mai kuɗi hankali.

Shi ya sa shugabanni ke yawan neman irinsu. A Najeriya an ɗauko Ngozi Okonjo-Iweala daga Bankin Duniya a 2003, kuma a hannunta aka yafe wa ƙasar bashin dalar Amurka miliyar 18 a 2005. Shamsuddeen Usman na Kano daga babban bankin Najeriya ya zo ma'aikatar kuɗi a 2007. Olusegun Aganga ya baro bankin Goldman Sachs a Landan ya zama ministan kuɗi a 2010, shekara ɗaya bayan haka aka ba shi ma'aikatar ciniki da zuba jari. A Kodibuwa, Alassane Ouattara gwamnan babban bankin sefa ne kafin ya zama firaminista a 1990.

Amma ministan kuɗin Nijar yana da wani dabaibayi da takwaransa na Abuja ba shi da shi. Ba Nijar ke buga kuɗinta ba. Babban bankin BCEAO da ke Dakar ne ke bugawa, ƙasashe 8 ke tarayya a kansa, kuma an ɗaure sefa da yuro a kan sefa 655.957. Ƙofa uku kacal kuɗi ke shigo wa minista: haraji da kuɗin duwan, taimakon ƙasashen waje, sai bashi. Ƙungiyar ƙasashen sefa ta ce ya kamata kowace ƙasa ta tara harajin da ya kai kashi 20 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara. Nijar takan tsaya ne a wajen rabin haka, don mafi yawan dukiyar jama'a tana cikin garke da gona da kasuwar da ba ta ajiye takarda. Daga ɗan abin da aka tara a biya albashi, a biya bashin baya, a sayi kayan soja. Abin da ya saura ba ya gina tashar wuta. Dole a fita neman mai jari.

Shekara ɗaya mai nauyi

Lokacin da Uhumudu ya karɓi ma'aikatar, ƙasar tana fitowa ne daga rikicin tazarcen Tanja Mamadu na 2009, wanda ya sa masu ba da taimako da dama suka janye hannu, da mulkin soja na Salu Jibo da ya biyo baya. Aikin farko shi ne dawo da yarda. A daidai wannan lokaci yaƙi ya ɓarke a Libiya, 'yan Nijar sama da 200,000 suka dawo gida, da yawansu hannu rabbana, kuma Adarawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Kodibuwa ma tana cikin nata rikicin. Damanar 2011 ba ta yi kyau ba. Labari mai daɗi ɗaya shi ne buɗe matatar man Soraz kusa da Damagaram a watan Nuwamba, mai tace ganga 20,000 a rana. A watan Maris na 2012 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da asusun lamuni na duniya, wadda ita ce takardar shaidar da sauran masu kuɗi ke jira kafin su motsa.

Wata ɗaya bayan haka ya bar kujerar. Taƙaddama ce ta taso kan kwangilar gwamnati da aka ba kamfanin wani ɗan majalisar dokoki, kotun tsarin mulki ta lokacin ta ce hakan ya saɓa wa doka, shi da ministan ayyuka Kalla Hankurau suka fita daga gwamnati, Gilles Baillet ya gaje shi. Na kawo wannan ne don yana cikin amsar tambayarmu. Mai jari na waje yana karanta irin wannan labari da kyau, yana so ya san ko kwangila a ƙasar ta mai cancanta ce ko ta mai uwa a gindin murhu, yana kuma so ya san ko akwai kotun da za ta iya ce wa minista ya yi kuskure.

Dillalin ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi ranar Lahadi a Tawa ya san aikin dillali. Sa ba nasa ba ne, kuɗin ma ba nasa ba ne. Nasa shi ne ya san mai saye, ya san mai sayarwa, ya tsaya a tsakani ya ce na lamunce. Idan bakinsa na da daraja, ciniki ya faɗa. Amma dillali ba ya sa ramammen sa ya yi ƙiba, kuma "na saya" da aka faɗa da hantsi ba kuɗi ba ne sai an ƙirga an damƙa.

Wannan shi ne aikin da gwamnatocin da Uhumudu ya yi wa aiki suka fi ba ƙarfi. An kafa ofishi ɗaya na rajistar kamfani don kada mutum ya yi ta yawo daga ma'aikata zuwa ma'aikata. An sabunta dokar zuba jari a 2014 tare da sassaucin haraji ga mai kafa masana'anta. An buɗe kotun kasuwanci a Yamai. A jerin Bankin Duniya na sauƙin kasuwanci, Nijar da ke can wajen ta 170 da wani abu ta hauro ta 132 a rahoton 2020. Sannan aka riƙa kai tallan ƙasar birnin Paris: a 2012, a 2017, da Disambar 2022 lokacin yana firaminista. A taron 2017 an je neman dalar Amurka miliyar 17, aka dawo da alƙawarin miliyar 23. Na 2022 ma alƙawarin ya zarce abin da aka je nema.

A nan ne ake samun rashin fahimta tsakanin mai mulki da talaka. Mai sauraron rediyo a Afala ko Barmu ya ji an ce an samo miliyar kaza, sai ya ɗauka an loda kuɗin a jirgi. Alhali cikin wannan jimla akwai rancen da za a riƙa saki kaɗan-kaɗan cikin shekara biyar idan an cika sharuɗɗa, akwai ayyukan da dama can an riga an tsara su, akwai kuma niyyar 'yan kasuwa waɗanda suka ce za su zo idan lissafinsu ya fita. A ganina laifin masu mulki a nan shi ne sun fi son faɗin jimlar da bayyana abin da ke cikinta. Da ana dawowa bayan shekara biyu a gaya wa jama'a nawa ya shigo, nawa ya maƙale, da me ya maƙalar da shi, da zargin bai kai haka ba.

Wasu jarin kuwa sun zo. Kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin jirgin Yamai ya gina babban otal gabanin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Kamfanin man Sin ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, ya ratsa kudancin jihar Tawa. Birnin Tawa kansa ya samu tituna da gine-gine a bikin Tawa Sakola na Disambar 2017, sai dai wannan kuɗin gwamnati ne, kuma titi da dandali ba sa ɗaukar ma'aikata bayan an gama su.

Malbaza ta tashi, Salkadamna na jira

Ayyuka biyu a cikin jiha ɗaya sun isa su nuna mana yadda mai jari ke tunani.

A Malbaza ana yin siminti tun shekarun 1960, a wata ƙaramar masana'anta. A wajen ƙarshen 2018 sabuwa ta fara aiki, mai ƙarfin tan 650,000, ɗan kasuwar Nijar Ibrahim Iddi Ango na kan gaba a harkar. A shekarar kuma aka buɗe tashar wutar hasken rana mai megawat 7 a garin, da rancen Indiya. Me ya sa ta yiwu? Dutsen da ake toyawa yana nan a wurin. Garin na bakin babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram. Masu saye kuma dubbai ne, daga ɗan kwangila har ɗan biɗar da ya turo kuɗin buhu goma a ɗaga masa ɗaki, kowa da kuɗinsa a hannu. Mai banki in ya tambayi daga ina za a biya, amsar a fili take.

Salkadamna kuwa tana ƙasar Takanamat, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da Tawa, ba nisa da mahaifar Uhumudu. Gawayin ƙasa ne kwance a wurin mai yawa. A watan Yunin 2014 shugaba Isufu ya aza harsashin aikin haƙar gawayin da tashar wuta mai megawat 600, wadda da ta tashi da ta wadata ƙasar har a sayar wa maƙwabta. Ba sabon abu ba ne a Nijar, don kamfanin Sonichar yana ƙona gawayi kusa da Cirozerin tun farkon shekarun 1980 yana ba Arlit da Agadas wuta. Amma mulkin Isufu ya ƙare, na Bazum ya zo ya wuce, tashar ba ta tashi ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Aiki uku ne a dunƙule: mahaƙa, tasha, da layukan wuta na ɗaruruwan kilomita, kuma ba wanda zai amfana sai an gama duka. Mai sayen wutar ɗaya ne tak, kamfanin Nigelec, wanda ke sayar wa jama'ar da ba za ta iya biyan wuta mai tsada ba. Sannan duniyar masu kuɗi ta juya wa gawayi baya saboda ɗumamar yanayi. Bankin Duniya ya taƙaita ba da rancen tashar gawayi tun 2013, Bankin Raya Afirka ya bi sahu a 2019, a Satumbar 2021 kuma Sin ta ce ta daina gina sababbin tashoshin gawayi a ƙasashen waje. Ƙasashen da suka gina arzikinsu a kan gawayi su ne suka rufe wa Takanamat ƙofa, kuma wannan abu ne mai ciwo ga mutanen da mafi yawan ƙauyukansu ba su taɓa ganin turken wuta ba. A kan duk wannan sai ga matsalar tsaro: a watan Maris na 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan ƙasar Tiliya, maƙwabciyar Takanamat. Injiniyan da za a turo da kamfanin inshorar da zai lamunce shi duk sun ji wannan labari.

Ba wani iya magana da zai sa minista ya tsallake waɗannan. Sai da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, sannan kowa ya tuna da Salkadamna. Mai walda ya zauna yana kallon ƙofar da bai gama ba, mai injin niƙa ya koma sayen gazuwal, mai ƙanƙara ya rasa abin sayarwa. A 2024 sabuwar gwamnati ta sake ƙaddamar da aikin.

Albasa a bakin tagar banki

Akwai kuma jarin da ba a kai shi Paris, wanda ni a wurina shi ya fi kusa da amsar tambayar samarin fada.

Ɗauki manomin albasa a fadamun Galmi ko Tabalak ko Keita. Albasarsa ta yi suna har Akara da Abijan. Ya ci bashin iri da taki da man injin ban-ruwa. Albasa ta nuna wajen Maris zuwa Afrilu, lokacin da ta kowa ta nuna, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas. Ya san sarai in ya riƙe ta wata biyar ko shida farashin zai ninka, wani lokaci fiye da sau biyu. Amma mai bashi na bakin ƙofa. In ma ya daure ya zuba ta a rudu, wancan ɗakin kara da ake ɗagawa a kan itace don iska ta ratsa, zafi da damshin damana za su ruɓar da kaso mai yawa. Sai ya sayar a lokacin da ya fi kowane arha, ribar ta tafi ga mai ƙarfin ajiya.

Abin da yake buƙata ƙarami ne: ma'ajiya mai kyau da rancen wata shida. In ya je banki, za a yi masa tambayoyin nan uku, ta ukun ce ke kayar da shi, don gonarsa gado ce, ba ta da takardar mallaka da banki ke karɓa. In ya je ƙananan asusun rance, ruwan ya fi yawa: ƙa'idar da aka sa a 2014 ta ba bankuna damar kaiwa kashi 15 cikin 100 a shekara, ƙananan asusu kuma har 24. Ga kuma damuwar riba, wadda ke hana mutane da yawa kusantar banki ko da an buɗe musu ƙofa. An gwada magunguna. Akwai bankin noma na BAGRI, akwai bankin Musulunci, akwai tsarin da aka fara a ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar abinci da noma ta duniya, inda manoma ke kulle amfaninsu a sito da kwaɗo biyu, ɗaya nasu ɗaya na mai ba da rance, amfanin ya zama shi ne jinginar. Ya yi aiki da gero da wake. Albasa mai ruɓewa ta fi wuya, sai an fara gyara ma'ajiyar.

A nan nake ganin ƙwararrunmu na banki sun bar aiki a baya. Ba wanda ya fi su sanin abin da ke hana banki ba manomi rance, don su ne suka taɓa ƙin bayarwa. Ƙoƙarin da aka yi wajen gamsar da mai kuɗin waje, da an yi rabinsa wajen takardun gonaki da asusun lamuni da ma'ajiyar albasa, da jihar da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da miliyan 3.3 ta riƙe ƙarin 'ya'yanta a gida lokacin rani.

Ranar da yarda ta karye

Juyin mulkin 2023 ya samu Uhumudu a birnin Rum wajen taro, daga nan ya wuce Paris, inda ya yi gargaɗin cewa takunkumi zai zama bala'i ga ƙasar. Ya san abin da yake faɗa. CEDEAO, wadda ya taɓa yi wa aiki, ta rufe iyakoki. BCEAO ya kulle asusun gwamnati, Nijar ta kasa biyan basussukan da wa'adinsu ya cika, masu alƙawarin Paris da dama suka dakata. Abin da aka shekara goma sha biyu ana ginawa ya girgiza cikin mako guda, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024.

Sojojin da suka karɓi mulki su ma mutumin kuɗi suka nemo. Ranar 7 ga Agustan 2023 suka naɗa Ali Mahaman Lamin Zen, ɗan Damagaram, ministan kuɗin Tanja na dā kuma wakilin Bankin Raya Afirka a Chadi, suka haɗa masa firaminista da ma'aikatar kuɗi. Mulki ya sauya hannu, abokan hulɗa sun sauya, amma tambayoyin nan uku suna nan suna jiran duk wanda zai je neman kuɗi da sunan Nijar.

Akwai dai kuɗin da bai daina shigowa Adar ba ko a watannin takunkumi: kuɗin 'yan biɗa. Tsaya a ƙofar kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza ko Nita ko BNIF a Tawa gab da salla ko farkon damana, ka ga layin dattawa da mata riƙe da katin shaida da lambar da aka karanto musu ta waya. Wannan kuɗi shi ke cike gurbin rumbu, shi ke sayen simintin Malbaza, shi ke haƙa rijiyar lambu, shi ke biyan sadaki. A babi na gaba za mu bi jika ɗaya daga hannun mai talla a Abijan har ta iso ƙauye a ƙasar Buza, mu ga nawa ke zubewa a hanya, wa ke yanke shawarar abin da za a yi da ita, da abin da ke hana irin wannan kuɗi haɗuwa wuri ɗaya ya zama jari.